Ranar da Mama Ta Ga Ƙarshen Marlcott

Ga waɗanda yau suka fara shigowa shafin nan: sunana Bryony, shekarata ashirin da tara, ina aiki a jaridar mako-mako ta yankinmu a Yorkshire. Ba sunana na gaskiya ba ne. Na sauya sunan kowa, har da na shirin talabijin ɗin da za ku ji, kuma kafin ku gama karantawa za ku gane dalili.

Mahaifiyata tana da sankarar jini. Tun watan Agusta likitoci suka daina maganar warkewa. Abin da ya rage shi ne ƙarin jini, leda biyu, ranar Alhamis duk bayan mako biyu, a asibitin da ke tafiyar minti arba'in daga ƙauyenmu. Likitar ta faɗa a gaban Mama ba tare da kwana-kwana ba: idan an ci gaba da ƙarin jinin, wataƙila ta ga sabuwar shekara. Idan an daina, mako biyu ne ko uku.

Tambaya ɗaya Mama ta yi mata. "Ranar Kirsimeti fa?"

Likitar ta zaci zancen iyali take yi. Ni na san ba shi ba ne. Ranar Kirsimeti za a nuna kashin ƙarshe na Marlcott.

Shekara tara ana shirin nan, zango shida, labarin wani babban gidan masu gonaki da barorinsa bayan Yaƙin Duniya na Farko. A ƙauyenmu ake ɗaukar duk abin da ya shafi coci da kasuwa, don haka kusan kowa a layinmu ya taɓa sa tsofaffin kaya ya gifta a bayan 'yan wasa. Mama ta fito a zango na farko riƙe da kwandon ƙwai, na daƙiƙa huɗu. Hoton yana jingine a falo, kusa da na aurensu da marigayi Baba, kuma ya fi shi girma.

Bana masu shirin suka yi mana dabara. A watan Yuni suka tara 'yan ƙauye a coci suka ɗauki ɗaurin auren Harriet, 'yar mai gidan Marlcott. A watan Yuli suka sake tara su a cocin suka ɗauki jana'iza, an rufe sunan da ke jikin akwatin gawar, kuma ba wanda ya ga mai fitowa a matsayin Harriet ranar. Ɗaya na gaske ne, ɗaya an yi shi ne don kada 'yan jarida su san wanne. Tun daga nan ƙauyen ya rabu biyu.

Duk Lahadi ake nuna kashi ɗaya, duk Litinin ƙarfe biyu kuma taron su Mama ke zama. Da su goma sha biyu ne a zauren coci. Yanzu su huɗu ne, a falonmu, inda muka sauko da gadonta tunda ta daina iya hawa bene: Mama, ƙanwarta Anti Bev, Pauline maƙwabciyarmu, da Clive wanda ya yi ritaya daga gidan waya. Ni ce mai kawo shayi da biskit.

Litinin ɗin da ta biyo bayan kashi na huɗu, Mama na zaune an jera mata filo uku, da littafinta a cinya. Tana da irinsa shida, ɗaya ga kowane zango, ta rubuta wanda ya ce me da kuma a wane minti.

"Harriet tari ta yi," in ji Mama. "Sau biyu. A kan matakala, sannan a wajen cin abinci."

"Ƙura ce, Denise," Pauline ta ce. "Gidan ya shekara ɗari uku."

"A talabijin ba a tari a banza. Kin taɓa ganin wanda ya yi tari a shirin nan ya yi tsawon rai?"

"Mai lambu ya yi tari a zango na uku," in ji Clive.

"Ya mutu a na huɗu."

"Doki ne ya harbe shi."

"Ya dai mutu."

Pauline ta ajiye kofinta. "Ni na ga rigar amaryar nan da idona, har taɓa ta na yi da mai kula da kaya ta juya baya. Wa zai zauna ya ɗinka leshi irin wannan don ya yaudari tsofaffi huɗu?"

"Ni kuma na ɗauki akwatin," Clive ya ce. "Ta baya, hannun hagu. Buhun yashi ne a ciki."

"To da me kake so su saka? Yarinyar?" in ji Pauline.

"Nauyin nake faɗa miki. An auna shi. Nauyin mace ne 'yar siririya."

"Kai da ko wasiƙa ba ka taɓa kaiwa gidan da ya dace ba, yanzu ka zama mai awon gawa."

Mama na dariya har numfashinta ya sarƙe, na miƙa mata ruwa ta ture hannuna. Ta buɗe littafin ta karanta musu cewa tun kashi na biyu ba a sake sa wa Harriet kaya mai haske ba, toka-toka, sai ruwan ƙasa, sai shuɗi mai duhu. Kumatunta sun yi ja. A duk mako wannan awa ɗaya ce kawai take kama da matar da ta haife ni.

"Ku daina wahalar da kanku," Anti Bev ta ce, tana kallona. "Ga mai mutum a ciki nan tsaye da butar shayi."

Gethin take nufi. Ɗan Wales ne, shekararsa talatin da huɗu, yana cikin masu tace hoton shirin a Leeds. Shekara biyu muna tare. A watan Satumba ya nemi in aure shi, na ce ya ba ni lokaci, ya ce in ɗauki duk wanda nake so. Tun ranar zoben na cikin akwatin gaban motarsa, tare da takardun inshora.

Na ce shayin ya huce, na koma kicin.

Alhamis ɗin makon ba ta yi kyau ba. Ana tsakiyar leda ta biyu jikin Mama ya fara rawa, zazzaɓi ya rufe ta, suka tsayar da jinin. Sai shida na yamma aka sallame mu. A hanya na tsaya sau biyu a gefen titi, ana ruwa, tana amai a cikin mayafin wuyana saboda na manta leda. Da muka isa gida Clive ne ya taya ni shigar da ita. Bayan hannayenta duk sun yi baƙi-baƙi wurin da aka yi ta neman jijiya.

Da safe ina gyara mata zanin gado ta ce, "Kwana nawa ya rage zuwa Kirsimeti?"

"Talatin da huɗu."

"Alhamis nawa ke nan?"

"Biyu."

Ta juya ta kalli taga. "Yaron nan naki. Ya ga ƙarshen, ko?"

"Mama, ya sa hannu a takarda cewa ba zai faɗa wa kowa ba."

"Ban ce ki tambaye shi ba. Tambaya kawai na yi."

A gidanmu haka ake ba da umarni.

Anti Bev ta same ni a kicin ina wanke kofuna. Ba ta cire kot ɗinta ba, ta tsaya ta jingina da firij ta rage murya.

"Ba za ta kai ba, 'yar nan. Kin gan ta jiya."

"Likita ta ce za ta iya."

"Likita ta ce wataƙila. Da kin amsa wa yaron nan tun Satumba, da yanzu ɗan gida ne. Suruki ba ya kallon surukarsa a kan gado irin wannan ya ce mata yana da takarda."

"Anti, kin ji abin da kike faɗa kuwa?"

"Ban ce ki yi abin da ba kya so ba. Ai kina son sa. Ko ba kya son sa?"

"Ban sani ba."

"Shekarata arba'in da auren Keith, har yau ban sani ba, ga mu nan lafiya lau." Ta ɗauki tsumma ta fara goge kofin da na riga na goge. "Abu biyu uwarki take son gani kafin ta tafi. Duka biyun suna hannun mutum ɗaya. Ni dai na faɗa."

Kafin yamma ta turo mini saƙo uku. *Kin kira shi?* Sai kuma: *Ba matsa miki nake yi ba.* Sai na ƙarshe: *Ko rabin biredin ba ta ci ba yau.*

Na rubuta wa Gethin: *Gobe kana da lokaci? Mu je bakin dam.*

Ya amsa cikin minti ɗaya. *Sha ɗaya zan ɗauke ki. Yaya Mama?*

Zan faɗa muku abin da na sa ranar, don yana cikin laifin. Koren kot ɗin da ya taɓa cewa yana so, 'yan kunnen Mama na azurfa, da jan-baki, ni da na yi wata uku ban shafa ba. Na san abin da nake yi lokacin da nake zaɓar su.

Mun zauna cikin mota a wurin ajiye motoci na dam ɗin, ruwa na dukan gilashi. Ya zo da shayi a fulas da gurasa mai cuku da ya haɗa da kansa. Na bari ya ci rabi, sannan na faɗa masa yadda Alhamis ta kasance, na faɗa masa abin da Mama ta ce. Ban roƙa ba, na jera masa ne kawai.

Ya naɗe sauran gurasar ya ajiye.

"Kin san yadda suke yi?" ya ce. "Duk kwafin da ya fita daga ɗakin tacewa, sunan wanda ya fitar da shi yana rubuce a tsakiyar hoton, tun daga farko har ƙarshe. Bara wata yarinya a sashen kaya ta tura wa yayarta hoton hula. Hula kawai. Yanzu a kantin magani take aiki. Mu 'yan kaɗan ne a sana'ar nan, Bry. In aka kore ka wuri ɗaya, an kore ka ko'ina."

"To ka faɗa mini da baki, ni in faɗa mata."

"Za ta yarda da baki?"

Ba za ta yarda ba. Shekara tara ba ta taɓa bari wani ya ba ta labarin kashin da ba ta gani ba.

Wani mutum ya wuce da kare, dukansu sun jiƙe. Ina kallon akwatin gaban motar, a daidai gwiwata.

"Tambayarka ta Satumba," na ce. "Eh."

Bai juyo nan da nan ba. Da ya juyo kuma, fuskar ba ta wanda aka yi wa albishir ba ce.

"Yau kika ga dama."

"Yau na sani."

"Da kin bari ko da zuwa Talata ne."

"In kana so in janye in sake faɗa ran Talata, sai in yi."

Ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Ya miƙa hannu ya buɗe akwatin, takardun inshora suka zubo a kan ƙafata, ya lalubo zoben. Ya yi mini ɗan yawa.

"Zan ɗauka cewa maganganun nan biyu ba su da alaƙa," ya ce. "Ki bar ni in ɗauka haka."

Na ce to.

"Zan kawo kashin ƙarshen Juma'a da rana. Sau ɗaya. Ku biyu kawai, ban da Anti Bev. Kuma a tara wayoyi a wani ɗakin."

Da na koma gida Mama ta kama hannuna ta juya zoben a yatsana, ta ce a naɗa masa zare ta ciki kada ya faɗi. Anti Bev ta yi kuka, ta kira Keith, ta kira fasto. Saƙonnin taya murna suka yi ta shigowa har batirin wayar ya mutu. Ba wanda ya tambaye ni me ya sauya.

Ranar Juma'a na tura Anti Bev garin Skipton da jerin sayayya mai tsawo, har da abubuwan da na san sai ta shiga kanti uku. Mama ta sa na yi mata wanka tun safe. Ta zaɓi shuɗiyar rigar sanyinta mai maɓallan lu'ulu'u, ta ce a ɗaura mata ɗankwalin siliki maimakon hular ulun da take rufe kanta da ita, ta shafa jan-baki da kanta. Ta ce a kawo kofunan baƙi.

Ƙarfe ɗaya da rabi Gethin ya shigo da jaka a ƙarƙashin kot, kamar wanda ya sato jariri.

"Sannu, Misis Ackroyd."

"Ka daina ce mini Misis Ackroyd, ka kusa zama ɗana. Zauna. Ka ci abinci?"

Ya karɓi wayata da tata da tasa, ya kai kicin ya sa su a cikin akwatin biredi. Na ja labule. Ya ɗora kwamfutar a kan teburin da ake tura mata abinci a gado, ya gyara kusurwar har sai da ta ce ya yi.

"Ba a gama shi ba," ya ce. "Babu kiɗa a wasu wuraren, kuma za ki ga tagogi kore, ba a sa musu hoton waje ba tukuna."

"Kunna, yaro."

Sunansa na kwance a tsakiyar hoton da manyan haruffa masu haske-haske, a kan fuskar kowa, a kan dawaki, a kan coci. A ƙasa lambobi na ta gudu. Minti casa'in da biyu ne. Mama da ba ta iya rabin awa ba ta yi gyangyaɗi ba, ko sau ɗaya ba ta rufe ido ba. Littafinta na cinyarta, da biro, amma ba ta rubuta komai ba. Sau ɗaya ta yi magana, wajen minti na sittin, ta ce, "Ga Clive can. Dubi yadda yake tafiya kamar an aike shi." Ba zan faɗa muku ko a wane taron ta gan shi ba, don ya halarci duka biyun.

Ni ban kalli ko rabinsa ba. Ita nake kallo.

Hoton ya ɗauke. Gethin ya rufe kwamfutar.

"To," in ji Mama.

Ta cire tabarau ta miƙo mini. Ta kama hannun Gethin da hannayenta biyu ta riƙe na ɗan lokaci.

"Kun yi aiki mai kyau. Ba zan faɗa wa kowa ba, kada ka damu."

"Na sani."

"Bry, buɗe labulen. Kuma ki ba shi kek ɗin nan ya tafi da shi."

Na raka shi mota. Ya lalubo makulli a aljihu. Ya ce yana ganin mun yi abin kirki, na ce ni ma. Na yarda da haka a lokacin.

Ta cika alkawari. Anti Bev ta yi ta zagaye-zagaye duk ƙarshen makon, ba ta samu ko kalma ɗaya ba. Ranar Lahadi aka nuna kashi na shida, na kunna mata, kafin a yi minti ashirin barci ya ɗauke ta. Na ce gajiya ce.

Litinin ƙarfe biyu suka zo. Pauline ta shigo tun ba ta cire takalmi ba tana magana.

"Farar riga, Denise. Fara tas, a wajen liyafar. Ina toka-tokarki yanzu?"

"Na gani," Mama ta ce.

"Shi ke nan? Na gani?"

"Ta yi mata kyau."

Clive ya zauna ya ɗauki biskit biyu. "Farin kaya ba ya nufin aure. A zamanin da fari ake sa wa 'yan mata in za a binne su."

"A ina ka ji wannan?"

"Na karanta."

"A bayan ambulan ɗin wa?"

Suka juya wajen Mama su biyun, suna jiran ta raba su kamar kullum, ta buɗe littafi ta kawo minti da daƙiƙa. Littafin na kan teburi a rufe. Tana kallonsu da murmushi irin wanda ake yi wa yara masu wasa a tsakar gida.

"Kuma likitan nan ya riƙe hannunta," Pauline ta ci gaba, ta ɗaga murya kaɗan. "Ba irin riƙon mai duba bugun jini ba. Ko za ki ce shi ma alamar mutuwa ce?"

"Wataƙila ke ce da gaskiya, Pauline."

Pauline ta tsaya da kofi a hannu. Shekara talatin suna maƙwabtaka, ba na jin ta taɓa jin wannan maganar daga bakin Mama.

"Ba ki da lafiya ne yau?"

"Lafiyata ƙalau, ban da sankara."

Clive ya yi dariya shi kaɗai, ya daina. Suka ɗan ƙara jan zancen tsakaninsu, amma ba ya tafiya. Musun na Mama ne, su 'yan amshi ne. Anti Bev na ta kallona, ni ina kallon butar shayi. Ƙarfe uku saura kwata Pauline ta ce ta bar abu a wuta.

"Tsaya," in ji Mama. "Bry, ɗauko sauran littattafan nan a kan kanta."

Na ɗauko biyar, ta ɗora na shida a kai, ta tura wa Pauline.

"Ki riƙe su. Akwai sauran shafuka a na ƙarshen, ki cike."

"Denise, saura kashi huɗu."

"Rubutunki ya fi nawa kyau."

Pauline ta rungume littattafan a ƙirji ta fita ba sallama. Ta taga na gan ta tsaye a ƙofar gidanta, ta kasa sa makulli. Clive ya bi ta. Anti Bev ta kwashe kofuna ta shige kicin ta buɗe famfo.

Na zauna a bakin gadon. Mama ta lumshe ido, na zaci barci za ta yi.

"Ki kira asibiti gobe da safe," ta ce. "Ki ce su ba wani gurbina na Alhamis."

"A ɗaga zuwa Juma'a?"

"A'a."

Na ce mata zazzaɓin wancan karon ba lallai ya dawo ba, likita ta ce za su ba ta magani kafin a fara. Na ce saura Alhamis biyu kacal. Na ce akwai Kirsimeti.

"Na ga Kirsimeti ran Juma'a."

"Akwai aurena."

Ta buɗe ido. "Yaushe?"

Ba mu sa rana ba, ko zancen ba mu yi ba.

"Kin gani," ta ce, ba da faɗa ba. "Yaron kirki ne. Na ga zoben, ya ishe ni. Bry, hannuna ba sauran wurin sa allura. Na gaji da motar nan, na gaji da warin wurin nan, na gaji da ganinki kina wanke amai a gefen titi. Abu ɗaya ne yake sa ni tashi in sa takalmi, kuma na gan shi."

A kicin famfo na ta zuba. Wayata ta yi ƙara a aljihu, na ciro don in samu wurin kai idona. Gethin ne. *Yaya taron yau? Ta iya riƙe dariyarta? Mamata tana tambaya ko bazara ta yi mana don ɗaurin auren.*

Na kife wayar a kan bargo.

"Kin san haka za ki yi," na ce. "Tun ranar da kika tambaye ni ko ya ga ƙarshen."

Ta gyara wuyan rigarta, ta daidaita maɓallin sama.

"Da na faɗa miki, da kin kawo shi?"

Ta ce in ja mata bargon, ƙafafunta sun yi sanyi, na ja.

Yau Talata. Layin asibitin yana buɗewa ƙarfe takwas, kuma sunana ne a takardarsu a matsayin mai magana a madadinta. Tun bakwai da rabi ta farka, ta sha rabin kofin shayi, ta tambaye ni ko na samu lambar. Na ce na samu. Yanzu takwas da minti goma, ina zaune a kan matakala da wayar a hannu, kuma daga falo ta riga ta kira sunana sau biyu.